Dakaru a Kan Doki: Barikin Sakkwato da Masu Ba da Labarinsa

Kalmar bariki ba ta daɗe a bakin Hausawa ba, amma ta yi 'ya'ya har da jikoki. Asalinta daga Ingilishi ne, barracks, watau mazaunin soja. Da ta shigo sai ta yi ta yaɗo: unguwar Turawa bariki ce, masaukin da a kan gina wa Di'o don rangadi bariki ne, har aka kai ga ɗan bariki da zaman bariki, waɗanda ba a faɗa wa mutum don yabo. Yawan ma'anonin nan ya sa an manta da abin da kalmar ta fara nufi a ƙasar Sakkwato, watau sansanin nan na bayan ganuwa inda Turawa suka zaunar da sojansu bayan sun ci garin ran 15 ga Maris 1903, ga turaku jere, ga dawaki a ɗaure. Daga wannan sansani ne wani kamfanin soja masu hawan doki ya fita zuwa Satiru a cikin Fabrairu 1906, ya komo a warwatse.

Littattafai uku ne ɗalibi ya kan fara ɗauka idan yana neman labarin wannan zamani. Akwai na D. J. M. Muffett, Concerning Brave Captains, wanda ya fito a 1964, a kan cin Kano da Sakkwato. Akwai tarihin rundunar sojan Afirka ta Yamma wanda wasu tsofaffin hafsoshi biyu, Haywood da Clarke, suka fitar a wannan shekara. Sa'an nan akwai na Joseph Smaldone, Warfare in the Sokoto Caliphate, na 1977, a kan yadda daular Sakkwato ke yaƙi. Kowanne ya yi aikinsa, kuma ba mai raina su sai wanda bai karanta ba. Amma akwai wani rami a tsakaninsu, wanda mai son juya labarin da Hausa ya kan faɗa ciki tun a kalmar farko: da wane suna za a kira mutanen da suka zauna a barikin?

A Hausar da, mayaƙa iri biyu ne. Dakare shi ne mai yaƙi a ƙasa, da baka da kwari, ko da mashi da garkuwa. Barde shi ne mai yaƙi a kan doki, ko da sulke, ko da lifidi, ko haka nan da rigarsa da takobinsa. Wannan rabo kuwa ya wuce na makami, na daraja ne. A duba sarautun ƙasar Hausa: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Barde, Lifidi, duk daga doki suka samo sunansu, kuma Sarkin Baka bai taɓa zama kusa da Madawaki a fada ba. Barde ba ya sauka a fagen fama sai an kashe dokinsa, gama dokin shi ne rabin makaminsa. Da nauyinsa ya ke fasa sahu, da gudunsa ya ke bin wanda ya juya baya.

To, sojan da Turawa suka ɗora a kan doki ba wannan ba ne. Sunan da a ke kiransu da Ingilishi, in an fassara shi kai tsaye, dakaru masu hawa ya ke nufi, abin da a kunnen Bahaushen 1903 zai yi kamar an ce busasshen ruwa. Doki a wurinsu abin tafiya ne kawai. Su kan hau don su cinye nisa, in sun ga abokan gaba sai su sauka, mutum ɗaya cikin huɗu ya riƙe linzamin dawakin 'yan'uwansa, sauran su yi sahu mai fuska huɗu, dawaki a tsakiya, su buɗe wuta. Saboda haka wanda ya fassara su da barade ya ba su abin da ba su da shi, wanda kuma ya ce dakaru kawai ya ɓoye dokin da dukan labarin ya rataya a kansa. (Gidajen rediyo sun ƙara dagula lissafin, domin yanzu dakaru a bakinsu kowane irin soja ne, har da na cikin jirgin sama.) Ba wasa da kalmomi ba ne wannan. Nasarar da waɗannan soja suka samu a ƙasar Zamfara da asarar da suka yi a Satiru duk daga wannan hali nasu na tsaka-tsaki suka fito, kuma littattafan nan uku, da ya ke kowanne ya riƙe gefe guda, ba su ajiye wa mai karatu faɗan biyu kusa da juna yadda zai ga haka ba.

A fara da na Zamfara. Kanar Morland ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. A kan hanyar komowa, a wajen Birnin Goga, Alu ya rabu da jama'arsa da dare. Rundunar ta rabu biyu: Wambai Abbas ya ja wasu zuwa Kano don yin mubaya'a, shi ne kuwa aka naɗa sarki daga baya, Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa. A ƙarshen watan, a yankin Kwatarkwashi, suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar masu hawa a ƙarƙashin Laftanan Wallace Wright. Wright ya ga ƙura da sauran lokaci. Mutanensa suka sauka, suka yi sahu, suka jira. Baraden Kano suka yi ta kawo hari suna komawa, har aka kashe Waziri Ahmadu, sauran suka janye. An ba Wright lambar Biktoriya, mafi girman lambar jarumtaka a sojan Ingila, kuma takardar yabon ta ce shi da hafsa ɗaya da soja 44 suka tare mahaya 1,000 da 'yan ƙasa 2,000 har awa biyu.

Adadin Wright da mutanensa ana iya yarda da shi, domin da littafin albashi a ke ƙidaya su. Adadin Kanawa kuwa ƙiyasi ne na wanda ke cikin ƙura da hayaƙi, kuma wanda yawan abokan gaba ke ƙara wa daraja. Alherin Muffett shi ne bai ɗauki takardun gwamnati kamar saukakku ba. Ma'aikacin mulki ne a Jihar Arewa, ya ji Hausa, ya zauna da tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya kuma tuhumi hujjar da Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya kafa da wasiƙar Sarkin Musulmi Abdurrahman ta 1902. A zamanin da ya rubuta littafin wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Amma sunan littafin ma ya nuna inda idonsa ya ke, watau a kan shugabanni jarumai na ɓangarorin biyu, kuma labarinsa ya ƙare ne a Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi ran 27 ga Yuli 1903. Mai karatun da ya rufe littafin a nan zai tafi da zaton cewa bindiga ta gama da doki, magana ta ƙare. Shekara uku ba su cika ba aka ga abin da ya rushe wannan zato.

Satiru ƙauye ne mai nisan kamar mil 14 kudu da Sakkwato. Mutanensa talakawa ne, da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudo, kuma maganar bayyanar Mahadi ta kama su. Tun 1904 aka kama wani malaminsu da ya yi wannan da'awa, ya mutu a tsare a Sakkwato. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, sa'an nan wani malami da a ke kira Ɗan Makaho ya zo musu daga ƙasar Faransa, inda aka riga aka yi irin wannan tashi a yankin Doso. Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya kama hanyar hutu ke nan, ya bar Hillary a madadinsa. Ran 14 ga Fabrairu 1906 Hillary ya tasar wa Satiru da mataimakinsa Scott, da likita, da kamfanin masu hawa na barikin, kusan mutum 70, a ƙarƙashin Laftanan Blackwood. Bindiga mai ruwa tana tafe a baya.

Abin da ya faru cikin 'yan mintoci ya faru. Hillary ya wuce gaba don ya yi magana da mutanen. Blackwood ya sa aka sauka aka fara sahu, sai ya ga Razdan yana waje, mutanen Satiru kuwa sun taso da gatura da fartanyu da kibau. Ya ba da umurni a matsa gaba a tsare shi. A daidai wannan lokaci aka auka musu: wasu na kan doki, wasu na ƙasa, wasu ƙafa ɗaya a likkafa, masu riƙon linzami suna kokawa da dawakin da ihu ya firgita. Aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da soja wajen 25, aka kwashe bindigogi, har da mai ruwan. Yawancin masu ba da labarin sun tsaya ne a kan kuskuren Blackwood, kuma kuskure ne. Amma kuskuren bai zama halaka ba sai don irin sojan da ya ke jagora. Da barade ne, da sun zare takubba sun kutsa, ko su juya linzami su fita daga tarkon. Da dakaru ne tsantsa, da ba dokin da zai tattake sahunsu daga ciki. Tsakanin sirdi da ƙasa akwai wani ɗan lokaci da mai hawa ba barde ba ne, ba dakare ba ne, kuma Wright ya tsallake wannan lokaci a Kwatarkwashi domin ya sami sarari, Blackwood kuwa a cikinsa aka same shi. Horo iri ɗaya, makami iri ɗaya, bambancin 'yan mintoci ne.

A nan ne irin tarihin da hafsoshi ke rubuta wa rundunarsu ke gajarta. Sunayen Turawa uku da suka mutu kowa ya san su. Soja 25 ɗin kuwa adadi ne kawai. Su wane ne, daga ina aka ɗauko su, wa ya koya musu hawa, dokin da ke ƙarƙashinsu ya taɓa jin ƙarar bindiga ko kuwa jiya aka sayo shi a kasuwa, waɗannan su ne tambayoyin da ke bayyana Satiru, kuma su ne tarihin bariki na ainihi. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897 ta fara zama ne a Lakwaja da Jabba, ƙasar tsando, inda sammore ke cinye doki. Hawa ya zama mata babban al'amari ne sa'ad da ta hau arewa, ta shiga ƙasar da tafiya ke da nisa, abokin gaba kuma ke bisa doki. Watau sabon abu ne a hannunta, tana koyonsa tana yaƙi da shi.

Sauran labarin ba dadin ji. Marafa Muhammadu Maiturare na Gwadabawa ya kai wa Satiru hari da baraden Sakkwato bayan 'yan kwanaki, shi ma aka kore shi. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa fiye da yadda a kan tsaya, gama ya nuna a cikin mako guda manoma masu gatari sun kori doki iri biyu, na bariki da na fada. Ran 10 ga Maris Manjo Goodwin ya zo da soja fiye da 500. Aka yi sahu tun da wuri, dakaru suka yi aikin wuta, masu hawa suka bi waɗanda suka gudu. An ƙiyasta mutum wajen 2,000 aka kashe, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci wurin, aka kashe Ɗan Makaho a Sakkwato. Har a London abin ya tayar da hankali, Winston Churchill, wanda a sa'an nan ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka, ya yi suka a kan yawan kisan. Maiturare kuwa shi ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Lovejoy da Hogendorn, a wata maƙala ta 1990, sun mai da hankali ga bayi da aƙidar Mahadi a cikin wannan tashi, sun kuwa gyara abu mai yawa. Sai dai su ma daga Satiru su ke kallo, barikin yana can nesa.

Littafin Smaldone ta ɗaya gefen ya zo. Ya bi yadda jama'ar Shehu suka fara da baka da kibiya, har a Tabkin Kwatto a 1804 dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, suka karya baraden Gobir, sa'an nan da mulki ya zauna su ma suka koma masu doki. Ya kula da kalmomin yaƙi na Hausa fiye da sauran, abin da mai nazarin harshe zai gode masa. Amma ya tsaya ne a zuwan Turawa, don haka bai kai ga gwada tsohon tsari da sabo ba. Gwadawar kuwa tana da amfani, musamman don kada a ɗauki wata kalma a sa a gurbin wata, watau a fassara ribaɗi da bariki.

Ribaɗi daga Larabci ya ke, daga tushen da ke nufin ɗaurewa, kamar ɗaure doki a turke a bakin iyaka ana jiran abokin gaba. Daga wannan tushe aka sami sunan Murabiɗai na Magrib, da sunan birnin Rabat na Maroko. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ginshiƙin mulkinsa. Shi da kansa ya zauna a ribaɗin Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa ya ke. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya riƙe Bakura kafin ya gaje shi. Duk wanda ya dubi taswirar Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1996, zai ga dalili: Bakura da Talata Mafara da Maradun suna kwarin gulbin Sakkwato ne, a kan hanyar da ke haɗa babban birnin da ƙasashen gabas, kuma wanda ya riƙe su ya riƙe ƙofar. To, amma ribaɗi gari ne. A kan kafa shi da ganuwa da masallaci da kasuwa, a zaunar da mutane da iyalansu, a ba su gonaki, Fulani su bar yawo su yi gida. Dokin ribaɗi yana bargar maigidansa, bara ko bawa ke yi masa ciyawa, da damina mai shi yana gona, sai kaka ta wuce a buga tambari a taru. Ba wani fili guda da a ke tara dawakin gwamnati da mutanen da ba su da wata sana'a sai jiran umurni. Ko a Kano, inda Shamaki ke kula da bargar sarki, yawancin baraden da ke fita yaƙi daga gidajen hakimai su ke fitowa.

Kada kuma a ɗauka ribaɗi wurin zaman lafiya ne ga kowa. Ga Bazamfaren da aka ci ƙasarsa, ganuwar da aka gina masa a ƙofar gida tsaro ce a kansa, kuma Talata Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tawaye a 1891, aka murƙushe ta. Ta wannan fuska ribaɗi da bariki 'yan'uwa ne, dukansu hannun mai mulki ne a wuyan wanda a ke mulka. Inda suka rabu shi ne ribaɗi ya kan yi saiwa. Bakura tana nan da Sarkin Burminta, Maradun da Sarkin Kayanta, Mafara da sarkinta, jikokin mayaƙa sun zama manoma da 'yan kasuwa. Bariki kuwa baƙi ne masu albashi, a bayan ganuwa, yau suna Sakkwato gobe an tashe su. Da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914 masu hawa suka zama bataliya ta biyar ta rundunar Nijeriya, a cikin shekarar kuma aka tura su yaƙin Jamus a wajen Garwa ta ƙasar Kamaru. Daga baya mota ta karɓe aikin da doki ke yi musu. Barikin soja da ke Sakkwato a yau Giginya a ke kiransa, da sunan filin da aka yi faɗan 1903, kuma ba doki ya tara su ba.

Akwai wata shaida da littattafan nan uku ba su kira ba, ita ce harshen kansa. A dubi abin da bariki ya zuba wa Hausa: soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, kyaftin, manjo, kanar, fareti. Duk sunayen muƙami ne da na horo, watau abin da Bature ya zo da shi a kansa. Sa'an nan a dubi kayan doki. Sirdi da linzami da likkafa da lifidi daga Larabci su ke, tun ƙarnuka kafin Turawa, har uku daga cikinsu suna ɗauke da lam ɗin nan ta Larabci manne a goshinsu, alamar tsohon aro, kamar yadda Greenberg ya nuna a nazarinsa na 1947 a kan kalmomin Larabci a cikin Hausa. Barga da turke da ragama da dabaibayi da harawa da dusa, da sunayen launi irin su akawali da kili da bidi da gunya, duk suna nan yadda su ke. Da wuya a sami kalmar Ingilishi ko ɗaya a cikin bargar Bahaushe, ko da ya ke sojan Turawa sun yi shekaru suna kiwon dawaki a gefen manyan birane.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Harshe ya kan ari suna ne daga wanda ya fi sanin abu. A filin fareti Bature ne malami, saboda haka kalmarsa ta zauna. A bakin turke kuwa shi ne almajiri. Dokin na ƙasar ne, dillalin da ya sayar da shi na ƙasar ne, haka mai yankan ciyawa, da mai kawo dawa da kanwa, da maƙerin da ke gyara linzami, da mai maganin da a ke kira in doki ya ƙi cin abinci. Barikin da a ke gani kamar tsibiri a bayan ganuwa, ashe kowace safiya sai garin ya shigo masa da kaya a ka. Hausar da a ke yi a cikinsa, wadda a ke kira Barikanci, mai sauƙaƙa jinsi da karin sauti don Bayarabe da Banufe da Bazabarme da Bature su fahimci juna, ta lalata nahawu yadda ta ga dama, amma ba ta taɓa sunan sirdi ba. Har wasan da hafsoshin nan suka fi so, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓa ya raya a garinsa, da ya shiga bakin jama'a sai suka kira shi ƙwallon dawaki.